Wa Ke Duba Rasit? Daga Jakadan Hakimi Zuwa Manhajar Tantancewa

Rijiyar Zaki tana yammacin birnin Kano, a kan titin Gwarzo, cikin ƙaramar hukumar Ungogo. Wanda ya san ta a yau, da shagunan siminti da rodi, da gidajen mai, da masu POS a ƙarƙashin lema, da wuya ya yarda cewa a zamanin kakanninsa gonaki ne shimfiɗe a wurin. Tana cikin karkarar nan da ta kewaye birni, wadda Michael Mortimore ya daɗe yana nazari a kanta: ƙasa mai yawan jama'a, ba a barin gona ta huta, da rani jakuna su shiga birni da itace su fito da taki. A irin wannan ƙasa, inda kowace kunya take da mai ita, hukuma ba ta taɓa rasa abin karɓa ba. Abin da talaka ya daɗe yana rasawa shi ne shaidar cewa ya biya, da kuma wanda zai tabbatar masa cewa shaidar ta inganta.

Karɓar kuɗi daga talakawa tsohon abu ne a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta fara karɓar jangali ga Sarki Kutumbi, a ƙarni na 17. Ya kuma ba da labarin Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, cewa ya tsananta haraji a Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 na kuɗin ƙasa, kowace rijiyar rini a karofi kuma wuri 700. Hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ne ke fita ƙauyuka karɓowa. Daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa jakada, daga jakada zuwa hakimi, kowane hannu yana da rabonsa kafin abin ya isa fada. Manomin da ya ƙirga wurinsa ya miƙa ba ya komawa gida da komai a hannu. Shaidarsa ita ce idon maƙwabta da tunanin mai unguwa, idan mai unguwar ya ga dama ya tuna.

Ba rashin rubutu ne ya kawo haka ba. Fada tana aika wasiƙu da Larabci, alƙalai suna rubuta hukunci da rabon gado, kuma kowane almajirin da ya kai Baƙara ya haddace aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo. Ita ce ta yi umurni a rubuta bashi, marubuci ya rubuta da adalci, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kuma kafa shaidu, sannan ta ɗauke nauyin rubutu a cinikin hannu da hannu. Na daɗe ina jinjina wannan tsari, musamman yadda ya ba wanda nauyi ke kansa ikon faɗin abin da za a rubuta. A kasuwa kuwa mutum ne shaida. Baƙon da ya kawo shanu ko goron Gwanja yana sauka wajen fatoma, dillali ya tsaya a tsakani, kuma la'adar da yake karɓa kuɗin tsayawa ne a kan maganar da aka yi. Idan rigima ta taso, an san ƙofar gidan da za a je.

Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903. Cikin 'yan shekaru suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, suka haɗe harajoji daban-daban wuri guda, suka kafa Baitulmali a zamanin Sarki Abbas, suka kuma dage a riƙa biya da kuɗinsu maimakon wuri. A karkarar da ke kusa da birni aka shigo da awon taki: malamai su bi gona suna ƙirga takunsu, a yanka wa mai ita haraji gwargwadon faɗinta. Daga baya masu safiyo suka zo suka zana taswirar gonakin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kuma buƙatar kuɗin haraji tana cikin abin da ya tura manomi ga gyaɗa.

A nan ne takarda ta shigo hannun talaka. Aka fara yanka wa mai biya rasit daga littafi mai lamba, rabi a hannunsa rabi a ofis, domin jami'in Turawa ya iya gwada abin da aka karɓa da abin da ya shiga Baitulmali. Wannan ci gaba ne, ba na musu. Amma a lura da wanda aka yi takardar domin shi. An yi ta ne don na sama ya kama na ƙasa da shi idan ya ci kuɗi, ba don manomi ya gane abin da aka rubuta a kansa ba. Mafi yawan masu biya ba su karanta boko. Idan malamin taki ya gajarta takunsa gona ta ƙara girma a littafi, rasit ɗin da zai biyo baya daidai yake da littafin, lambarsa daidai, hatiminsa daidai, zaluncin kuma yana nan daram a cikinsa. Takardar haraji ta zama abin da ɗan cirani ke naɗewa ya ɓoye a jikinsa, domin ɗan doka yana iya tare shi a hanya ya nemi ganinta. Shi ya sa yaƙi da haraji ya zama ƙashin bayan siyasar NEPU da Malam Aminu Kano. Da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano a Oktoban 1979 ƙarƙashin PRP, soke haraji da jangali na cikin matakansa na farko, haka ma Balarabe Musa a Kaduna.

Shekara goma sha huɗu bayan nan haraji ya dawo ta wata ƙofa, wannan karon a kan kaya maimakon a kan mutum. Dokar soja mai lamba 102 ta 1993 ta kafa harajin VAT, ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairun 2020. Yadda wannan haraji yake aiki shi ne ya mayar da takardar ciniki dukiya. Masana'anta a Sharada ko Challawa tana biyan VAT a kan kayan da ta saya don sarrafawa, tana karɓar VAT daga dilan da ya sayi abin da ta ƙera, sai ta cire na farkon daga na biyun ta miƙa wa hukuma ragowar. Hujjar cirewar ita ce takardar da mai sayar mata ya ba ta. Ke nan duk wanda ya iya buga takardar sayen da ba a yi ba, ya rage harajinsa, wanda kuma ya ɓoye takardar sayarwa ya riƙe kuɗin da ya karɓa da sunan gwamnati. Littafin rasit mai kabon kuwa kowace ƙaramar maɗaba'a tana buga shi da sunan da aka ce ta sa. Jami'in hukumar haraji sai bayan shekara ko fiye yake zuwa bincike, ya tarar da kwalaye cike da takardu, ya zaɓi kaɗan ya duba.

Ƙasashen Latin Amurka ne suka fara neman mafita ta hanyar na'ura. Chile ta fara a 2003, Brazil da Meziko suka biyo baya da tsarin da ya ce takardar ciniki ba ta zama halastacciya sai kwamfutar hukuma, ko ta wanda hukuma ta amince da shi, ta gan ta ta sa mata hatimi. Ruwanda ta raba wa 'yan kasuwa na'urorin yanka rasit daga 2013. Italiya ta wajabta tsarin a tsakanin kamfanoni daga 1 ga Janairun 2019. Alhazanmu sun ga nasu samfurin: tun 4 ga Disambar 2021 rasit ɗin shagunan Makka da Madina yake fitowa da tambarin QR, bisa umurnin hukumar zakka da haraji ta Saudiyya. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun riga mu, domin 'yan kasuwar Maraɗi da Yamai sun san takardar ciniki mai shaidar hukumar haraji tun farkon shekarun 2020.

Ya kamata a fahimci abin da ake nufi da takardar ciniki ta lantarki, don mutane da yawa suna zaton hoton rasit ne da ake turawa ta WhatsApp. Ba shi ba ne. Fayil ne da aka rubuta domin kwamfuta ta karanta, a tsarin XML ko JSON, inda kowane bayani yake da gurbinsa mai suna: gurbin mai sayarwa da lambar harajinsa, gurbin mai saye, kwanan wata, nau'in kuɗi, kowane layin kaya da adadinsa da farashinsa, rukunin harajin da ya hau kansa, sannan jimla. Tsarin gurabun da ya fi yaɗuwa shi ne UBL, na ƙungiyar OASIS. Tarayyar Turai ta yi doka a 2014 wadda ta haifar da ma'aunin EN 16931 a 2017, kuma hanyar sadarwar Peppol, wadda ta faro a 2008 a matsayin aikin gwaji na Tarayyar, ita ce ke ɗaukar irin waɗannan fayiloli daga kamfani zuwa kamfani.

Abin da ya fi burge ni a wannan ma'auni shi ne an rubuta ƙa'idojinsa a fili, ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta, ta yadda na'ura za ta iya gwada fayil da su. Ƙa'ida mai lamba BR-CO-10 ta ce jimlar da aka rubuta dole ta yi daidai da haɗin dukkan layukan kaya. BR-CO-15 ta ce jimla da haraji dole ta zama jimla ba haraji a haɗa da harajin. Idan kaya na naira 200,000 ne, VAT ɗinsu 15,000, aka rubuta 214,000 a ƙasa, fayil ɗin ba zai wuce ba. Manhajar tantancewa takan bi matakai biyu: ta fara duba ko ginin fayil ɗin ya bi tsari, sannan ta bi ƙa'idojin da aka rubuta da yaren Schematron, ta fitar da rahoto mai nuna lambar ƙa'idar da aka karya da wurin da aka karya ta. A Jamus, inda tun 1 ga Janairun 2025 aka wajabta wa kowane kamfani ya iya karɓar irin wannan takarda, ofishin gwamnati na KoSIT ya saki tasa manhajar kyauta, akwai kuma Mustang wadda kowa ke iya ɗauka ya duba cikinta. Malamin taki shi kaɗai ya san tsawon takunsa. Wannan ma'aunin kuwa a bainar jama'a yake, mai saye da mai sayarwa da hukuma duk suna iya gwadawa su sami amsa ɗaya.

Najeriya ta shigo a hankali. Hukumar haraji ta FIRS ta buɗe dandalin TaxPro-Max a Yunin 2021 domin shigar da bayanan haraji ta intanet. A Nuwamban 2024, ƙarƙashin shugabancin Zacch Adedeji, ta fara gwajin tsarin takardar ciniki ta lantarki da ake kira MBS, ta buɗe shi a 1 ga Agustan 2025 ga manyan kamfanonin da cinikinsu ya kai naira biliyan 5 a shekara, sannan ta ƙara musu wa'adi zuwa 1 ga Nuwamba. MTN ce ta fara tura takardu kai tsaye. An gina tsarin a kan UBL da Peppol. Kamfani yana tura fayil ta hannun masu shiga tsakani da hukumar NITDA ta tantance, idan ya wuce sai ya dawo da lambar shaida ta IRN da hatimin sirri da tambarin QR. Cinikin da aka yi da mai saye na ƙarshe, idan ya haura naira 50,000, ana kai rahotonsa cikin awa 24. A 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji huɗu, biyu daga cikinsu suka fara aiki a Janairun 2026, FIRS ta koma NRS, kuma dokokin sun tanadi tara ga wanda ya yi cinikin da ya kauce wa tsarin. An tsara matsakaita da ƙananan kamfanoni su shigo rukuni-rukuni.

A daidai waɗannan shekaru wani abu dabam yana tasowa. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, kuma nan da nan akantoci suka gane ƙirƙirarriyar basira tana iya karanta hoton rasit, ta ciro sunaye da farashi, ta tsara su. Suka kuma gane aibinta: tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ne, saboda haka tana iya kuskuren lissafi, ko ta cike gurbin da ta tarar babu komai da lambar da ta yi kama da gaskiya, kuma ta faɗa da cikakkiyar natsuwa. A hira wannan ƙaramin abu ne, a takardar haraji kuwa tara ce. Mafitar da aka samu ita ce a daina barin ta tana yanke hukunci da kanta. Kamar yaron shago ne mai wayo da iya magana, wanda maigidansa ya ce masa komai gwanintarsa kada ya kimanta nauyin buhu da ido, ya ɗora a sikeli. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, hanya ɗaya da wakilin ƙirƙirarriyar basira zai riƙa kiran wasu manhajoji su yi masa aiki, OpenAI ta karɓe ta a Maris ɗin 2025. Daga nan masu rubuta manhaja suka fara naɗe manhajojin tantance takardun ciniki a cikin wannan ƙa'ida.

Aikin yakan tafi haka. Wakilin ya karɓi fayil, ko ya haɗa shi daga bayanan ciniki, ya miƙa wa manhajar tantancewa. Ita ba ta hasashe, fayil ɗaya ko sau nawa aka ba ta amsa ɗaya za ta bayar. Idan ta dawo da rahoton cewa an karya ƙa'ida kaza a layi kaza, wakilin ya fassara wa mutum abin da ake nufi da magana mai sauƙi, ya kawo gyara, ya sake miƙawa har fayil ɗin ya wuce. Rabon aikin ya yi kyau, kuma ina ganin shi ne mafi hankalin abin da aka yi da waɗannan wakilai zuwa yanzu. Sai dai akwai haɗari a wannan zagayen na gyara da sake miƙawa. Wakilin da aka ce masa burinsa fayil ya wuce yana iya taɓa farashin layi don jimla ta daidaita, alhali jimlar ce daidai, layin ne aka manta ba a shigar ba. Fayil ya wuce, lissafi ya tashi, ciniki kuma ya zama ba wanda aka yi ba. Dole a tsara wakilin ya nuna duk abin da ya canza, kuma mutum ya amince kafin a tura wa hukuma.

Manhajar tantancewa tana da iyakar da ba za ta tsallake ba. Tana tabbatar da cewa gurabu sun cika, lissafi ya daidaita, lambobi sun bi tsari, tsarin hukuma kuma ya ƙara da tabbatar da cewa mai sayarwar yana da rajista kuma ba a taɓa amfani da lambar takardar ba. Ba ta san ko tirela ta iso ba, ba ta san ko buhu ɗari aka sauke ko casa'in, ba ta san ko farashin da aka rubuta shi ne aka biya ba. Wannan ita ce tsohuwar matsalar littafin taki, takarda ingantacciya a kan awo maras inganci. Abin da ya canza shi ne ɓoye ciniki gaba ɗaya da buga takardar bogi sun yi wuya, domin hukuma tana ganin ɓangarorin biyu a lokaci guda. Wannan ba ƙaramar riba ba ce. Amma kada hatimin na'ura ya sa magatakardan sito ya daina ƙirga kaya a bakin mota.

Mai shago a Rijiyar Zaki ba ya cikin 'yan biliyan 5, kuma dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa masu cinikin da bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓar VAT. Duk da haka abin zai iso shi ta hanyar kaya. Siminti da taliya da katin waya daga manyan kamfanoni suke fitowa, su bi ta hannun diloli a Kasuwar Singa da makamantanta, kuma kamfanin da tsarin ya hau kansa zai nemi lambar haraji ta TIN ta dilansa kafin ya yanka masa takarda. Yau dila, gobe wanda ke saro kaya a wajen dila. Mutanen unguwar kuma ba baƙin rasit na na'ura ba ne. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauyin fasalin kuɗi na Babban Banki a zamanin Godwin Emefiele, mai nama da mai kayan miya suka koma karɓar kuɗi ta waya, suka kuma koyi darasin alat na bogi da tsada. Mai shago yanzu ba ya yarda da hoton da aka nuna masa, sai ya duba tasa wayar ya ga kuɗi sun shigo. Wannan ɗabi'ar ita ce tambarin QR yake buƙata: a ɗora waya a kai a gwada abin da ke takarda da abin da hukuma ta sani.

Abin da nake jin tsoro shi ne a maimaita abin da aka yi a zamanin awon taki, a yi takarda domin na sama kawai. Rahoton kuskure da lambobi da Turanci yake fitowa, masu shiga tsakani kuɗi suke karɓa, babban kamfani yana da akantoci, ɗan tireda kuma ba shi da kowa sai ɗansa da ya gama sakandare. A nan ne wakilin ƙirƙirarriyar basira zai fi yin amfani, idan aka yi shi a gefen ƙaramin ɗan kasuwa: ya ɗauki hoton takardar da dila ya ba shi, wakilin ya kira manhajar tantancewa, ya gaya masa da Hausa, da murya ma idan ba ya karatu, cewa an ɗora masa VAT a kan shinkafar da doka ta ce ba a ɗorawa, ko cewa lambar da ke takardar ba ta cikin rajistar hukuma. Kayan aikin suna nan. Ƙa'idojin a buɗe suke, manhajojin tantancewa da dama kyauta ne, kuma a Satumban 2025 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta sanar da N-ATLaS, manhajar harshe mai jin Hausa da Yarbanci da Ibo. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda ake koyar da ilimin kwamfuta, yana kan titin Gwarzo ɗin nan, tafiyar 'yan mintoci daga Rijiyar Zaki.

Wurin da tsarin zai fi shan wahala shi ne inda kaya ke fitowa daga gona. Sababbin dokokin sun sa kayan abinci na yau da kullum a rukunin da harajinsa sifili ne, wanda ke nufin mai injin casar shinkafa ba zai ɗora wa mai saye VAT ba, amma yana iya neman a mayar masa da wanda ya biya a kan kayan aikinsa, muddin yana da ingantattun takardu. Na injina da buhunan zuba kaya zai same su daga kamfanoni. Shanshera da masara da riɗi kuwa daga Dawanau da kasuwannin ƙauye suke zuwa, ta hannun dillalai da 'yan sari, daga manoman da ba su da TIN, ba su da asusun kamfani, cinikinsu da mudu da tiya da magana ake ƙulla shi. Fayil ɗin yana da gurbin mai sayarwa, kuma manhajar tantancewa ba ta barin wannan gurbi babu komai. Yadda NRS za ta tsara cike shi, ko ta bar mai saye ya yanka takarda a madadin manomi kamar yadda ma'aunin Peppol ya ba da dama, ko ta tilasta wa dillalai yin rajista, shi ne zai nuna ko manomin Ungogo zai sami kofin abin da aka rubuta da sunansa.